Jagorar Gina Wasan Ban Tsoro na Wayar Hannu Bisa Almarar Japanawa

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su, waɗanda kakanninmu ba su san su ba, akwai sana'ar gina wasannin da ake yi a fuskar wayar hannu, kuma a cikin rassan wannan sana'a babu wanda ya kai wasan ban tsoro wuyar sha'ani, domin maginin yana neman ya sa gaban mutum ya faɗi, alhali abin da ke hannun mutumin ɗan gilashi ne da bai wuce tafinsa ba, wanda in ya ga dama sai ya kife shi ya tashi abinsa. Mutanen Japan sun yi fice a wannan fage, kuma babban sababin haka shi ne sun gaji taska mai yawa ta hikayoyin fatalwa da dodanni, wadda marubutansu da masu zanensu da 'yan wasan kwaikwayonsu suka shafe ƙarnuka suna tacewa, har ta zama fanni mai usuli da ƙa'idoji.

Manufar wannan jagora ita ce ta nuna wa mai sha'awa, ko ɗalibi ne shi kaɗai ko ƙaramar ƙungiya ta mutum biyu ko uku, matakan da zai bi tun daga karatu har zuwa kai wasa kasuwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan, wanda duk sauran bayani ke rataye da shi, shi ne cewa a almarar Japanawa kusan kowane abin tsoro yana da wurinsa, da lokacinsa, da dalilinsa, da kuma makarinsa. Wanda ya kafa wasansa bisa waɗannan rukunai huɗu ya kama hanya; wanda kuwa ya ari farar riga da dogon baƙin gashi kawai, ya haɗa su da ihu da jini, ya ɗauki ɓawo ne ya bar ƙwaya.

Mataki na farko: karatun asali

Bai kamaci magini ya fara zane ba sai ya zauna ya karanta abin da Japanawa da kansu suka ruwaito, domin abin da ke yawo a intanet galibinsa riwaya ce marar isnadi, wadda wani ya ji daga wani ya ƙara mata nasa. Wannan adabi ya bunƙasa ne a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, sa'ad da ƙasar ta sami zaman lafiya mai tsawo, buga littattafai ya yawaita, mutane kuma suka shiga yin wani taron dare da ake kira taron hikaya 100. Akan kunna lagwani 100 a cikin fitila mai rufin shuɗiyar takarda, a ajiye ta a wani ɗaki dabam, duk wanda ya gama ba da nasa labari sai ya tashi shi kaɗai ya je ya kashe lagwani guda ya komo, duhu yana ƙaruwa da ƙaruwar labari; kuma da yake sun ɗauka cewa in aka kashe na ƙarshe wani abu zai bayyana, sau da yawa sukan tsaya a na 99 su jira gari ya waye. Wanda ya yi tuntuntuni a kan wannan al'ada zai ga ta riga ta ƙunshi ginshiƙan wasan ban tsoro baki ɗaya: haske mai raguwa, lissafi mai matsowa ga ƙarshe, tafiya cikin kaɗaici, da alkawarin abin da ba a gani ba tukuna.

Littattafan da suka wajaba a duba ba su da yawa. A 1776 mai zane Toriyama Sekien ya fitar da littafinsa na farko na siffofin dodanni, ya biyo shi da wasu uku zuwa 1784, sai dai a lura cewa wasu halittun da ke ciki shi ya ƙaga su da kansa, ba daga bakin jama'a ya ji su ba. A shekarar nan ta 1776 Ueda Akinari ya buga Ugetsu Monogatari, mai hikayoyi 9. A 1825 Tsuruya Nanboku na huɗu ya kawo wasan kwaikwayon Yotsuya Kaidan. A 1904 aka buga Kwaidan na Lafcadio Hearn, Baturen da ya zo Japan a 1890 ya zama ɗan ƙasa, wanda ya ji yawancin labaransa daga bakin matarsa Koizumi Setsu ya rubuta su da Turanci. A 1910 kuma Yanagita Kunio ya fitar da Tono Monogatari, riwayoyi 119 da ya karɓa daga Sasaki Kizen, ɗan garin Tono na lardin Iwate, kuma wannan littafi shi ake ɗauka a matsayin harsashin nazarin al'adun gargajiya a ƙasar.

Yayin karatun nan, sai ka buɗe littafin rubutu, ka raba kowane shafi gida huɗu, ka rubuta wa kowace halitta inda take fitowa, da sa'ar fitowarta, da abin da ya jawo ta, da abin da ke raba mutum da ita. Halittar da ka kasa cika mata gidajen nan huɗu ka ajiye ta gefe, ba ta nuna ba tukuna. Akwai kuma mas'alar haƙƙin mallaka, wadda ba a wasa da ita: galibin tsofaffin littattafan da muka ambata sun zama gadon kowa, amma zane-zanen Mizuki Shigeru, wanda ya rasu a 2015, da fatalwar fim ɗin Ringu na 1998, duk suna da masu su, kuma ɗaukarsu ba da izini ba cin haƙƙi ne da doka ke hukuntawa.

Mataki na biyu: zaɓe tsakanin fatalwa da dodo

Malaman wannan fanni sun kasa abubuwan tsoro kashi biyu manya. Na farko yurei, wato fatalwar mutumin da ya mutu da ƙulli a zuciyarsa. Na biyu yokai, wato dodanni da baƙin halittu na daji da kogi da lungu. Yanagita ya tafi a kan cewa dodo ɗan wuri ne, yana bayyana ga duk wanda ya ratsa ta wajensa, galibi da almuru, ita kuwa fatalwa mutum take bi, tana zuwa da tsakar dare, wajen ƙarfe 2 zuwa 2 da rabi. Malaman da suka zo bayansa sun yi saɓani da shi, suka kafa hujja da fatalwoyin da ba sa barin wuri guda, amma ga magini wannan rabo yana da fa'ida babba, domin shi zai yanke masa siffar wasan tun daga tushe.

In ka zaɓi fatalwa, to wasanka wasan bincike ne, kuma cibiyarsa zalunci ne da aka binne. Dubi ƙissar Okiku, baiwar da aka ba amanar farantai 10 masu daraja, aka tuhume ta da ɓatar da guda, aka kashe ta aka jefa a rijiya, wadda har yau ana nuna wa baƙi wata rijiya da sunanta a fadar Himeji: kowane dare sai a ji muryarta tana ƙirga farantai tun daga ɗaya, in ta kai tara sai ta fashe da kuka, kuma a wata riwaya ba ta sami hutu ba sai da wani ya tsaya ya cika mata lissafin da babbar murya. Dubi kuma Oiwa ta wasan Yotsuya Kaidan, wadda aka shayar da dafi ya lalata mata fuska, mijinta Iemon ya ci amanarta, daga baya ya riƙa ganin fuskarta ko'ina har a jikin fitila. Wannan tunani yana da tsohon asali, domin Sugawara no Michizane, malami kuma babban jami'in fada da aka yi wa ƙazafi aka kore shi zuwa Dazaifu a 901 ya rasu a can a 903, da masifu suka biyo bayan rasuwarsa, har tsawa ta faɗa wa fadar sarki a 930, sai aka jingina su ga fushinsa, aka mayar masa da muƙamansa, aka gina masa wurin bauta a Kitano a 947. Darasin da ke ciki shi ne fatalwar Japanawa ba a kashe ta da makami. Ana gano haƙƙinta ne a biya. Saboda haka aikin mai wasa shi ne ya tattara wasiƙu da shaidu da kayan mamaciya, ya gane abin da aka yi mata, ya gyara abin da ke gyaruwa kafin ta cim masa.

In kuwa ka zaɓi dodanni, wasanka wasan tafiya ne, a ratsa wuri bayan wuri, kowane wuri da mai shi da sharaɗinsa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya riƙi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu, kada ya gwama su a aikinsa na farko, kuma kada ya wuce halitta uku ko huɗu.

Mataki na uku: mayar da makari ya zama ƙa'idar wasa

A nan ne zuciyar aikin take, kuma a nan ya kamata a daɗe. Wanda ya cika littafin rubutunsa yadda muka faɗa zai tarar magabatan Japanawa sun riga sun yi masa rabin aiki, domin makarin kowane dodo aiki ne da ake yi da jiki, a wani lokaci ayyananne, cikin halin firgita, kuma wannan shi ne ainihin ma'anar ƙa'idar wasa.

Ga misalai. Kappa, dodon kogi, yana da ɗan kwarmi a tsakar kansa mai riƙe ruwa, kuma ƙarfinsa duk a ruwan nan yake. Da yake mai ladabi ne, in ka rusuna masa sai ya rama, ruwan ya zube, ƙarfinsa ya tafi. Nurikabe, wanda aka ruwaito daga gaɓar tekun Fukuoka, katanga ce da ba a gani wadda ke tare matafiyi da dare, ko ta ina ya kewaya tana gabansa, har sai ya bugi ƙasanta da sanda. Betobeto, na yankin Nara, ƙarar takun sawu ne da ke bin mutum a baya, makarinsa a ratse gefen hanya a ba shi izini cikin ladabi ya wuce gaba. Okuri-inu kare ne da ke rakiyar matafiyi a hanyar dutse, ba ya taɓa shi muddin yana kan ƙafafunsa, amma in ya yi tuntuɓe ya faɗi sai ya far masa, sai fa in ya yi wuf ya nuna kamar hutawa ya zauna yi. Mikoshi-nyudo yana ƙara tsawo gwargwadon yadda ka ɗaga kai kana kallonsa. Fatalwoyin teku kuwa ludayi suke roƙo daga masu jirgi don su cika jirgin da ruwa ya nitse, shi ya sa masunta kan tanadi ludayi marar gindi su miƙa musu.

Aikin magini shi ne ya fassara kowane makari zuwa abin da hannu zai yi da waya, kuma a nan waya tana da dama babba, domin tana jin taɓi, tana jin karkata, tana kuma girgiza. Rusuna wa kappa sai ya zama a karkato wayar gaba a hankali, a riƙe ta haka har dodon ya rama. Bugun nurikabe ya zama jan yatsa a can ƙasan fuskar waya, inda mai firgita ba ya tunanin dubawa. Ƙirgar Okiku ta zama sauraro cikin duhu da taɓa fuskar waya daidai gurbin adadin da ya ɓace, ba gaba ba baya. Mafi ƙarfi duka yana cikin ƙissar Hoichi, makahon makaɗin biwa da fatalwoyin gidan Heike, waɗanda suka hallaka a yaƙin Dan-no-ura a 1185, suke kira kowane dare ya yi musu waƙar faɗuwarsu: malamin haikalinsa ya sa aka rubuce masa jiki da nassin addinin Buda don kada su gan shi, ya umarce shi ya zauna shiru kada ya motsa kada ya amsa, amma aka manta kunnuwa. A wasa, wannan shi ne a ce wa mutum ya ɗage yatsunsa duka, ya riƙe wayar cik, yana jin ana kiran sunansa ana matsowa, kuma duk wanda ya gwada zai shaida cewa hana mai wasa motsi ya fi ba shi gudu tsanani.

Akwai sharuɗɗa uku da ba a ƙetarewa. Na ɗaya, kowace halitta ta kasance da alama da ke gabatarta, ko sauti ko sauyin haske, domin kashe mai wasa ba tare da gargaɗi ba zalunci ne, kuma abin da yake haifarwa haushi ne ba tsoro ba. Na biyu, ilimin makari ya zo daga cikin duniyar wasan, daga bakin tsohuwa mai sayar da shayi, ko rubutun jikin dutse a gefen hanya, ko yagaggiyar wasiƙa, yadda mai wasa zai ji shi ya gano. Na uku, makari ya kasance yana bukatar haƙuri a daidai lokacin da zuciya ke cewa a gudu. Kamfanin Tecmo ya nuna wannan hikima a 2001 cikin wasan Fatal Frame, inda makamin yarinyar da ake wasa da ita kyamara ce kawai, kuma hoton yana ƙara tasiri gwargwadon kusantowar fatalwa, ta yadda dole mai wasa ya tsaya ya dubi abin da yake tsoro ido da ido.

Tsarin gabatarwa kuwa a bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wasanka tafiyar yaro ce daga haikalin gindin dutse zuwa ƙauyensu bayan faɗuwar rana. A zango na farko ya haɗu da takun sawu kaɗai, a wuri mai sauƙi, ya koyi ratsewa. A na biyu ya haɗu da katanga. A na uku kare ya fara binsa a hanya mai duwatsu, inda sauri ke jawo tuntuɓe. Sai a zango na huɗu ka haɗa masa biyu a lokaci guda, takun sawu a baya da ba a san na wane ne ba, ko na wanda ake ba hanya ne ko na wanda ba a tsaya masa, har shakka ta shiga tsakaninsa da ilimin da ya dogara da shi. Ka kuma tanadi wuri guda na mafakar ƙarya, bisa tafarkin ƙissar da Hearn ya ruwaito ta mutumin da ya ga mace marar fuska a wani gangare na unguwar Akasaka, ya sheƙa a guje zuwa ga hasken mai sayar da taliya, yana cikin ba shi labari sai shi ma ya shafe tasa fuskar. Irin wannan sau ɗaya ake yin ta a wasa, domin in ta maimaitu mai wasa ya daina amincewa da kome, wanda kuwa bai amince da kome ba babu sauran abin da za a karya masa.

Mataki na huɗu: wuri, haske da sauti

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji shi ne gaba, domin fuskar waya ƙarama ce, dodon da aka zana a kanta bai fi yatsa ba, alhali sautin da ya shiga kunne ta abin sauraro yana cika kan mutum duka. Saboda haka ka ba sauti kaso mafi tsoka na lokacinka, ka nemi mai wasa tun a shafin farko ya sa abin sauraro a kunnuwansa biyu, ka kuma rarraba sauti dama da hagu yadda zai san ta ina abu ke zuwa. Japanawa suna da sautukan da suka gada don wannan aiki: siririn busan sarewa tare da rugugin ganga da ke sanar da fitowar fatalwa a dandalin wasan kwaikwayo na kabuki, da ƙwas-ƙwas ɗin takalman katako na fatalwar da ke zuwa da fitila a ƙissar Botan Doro, da kukan ƙwarin lokacin zafi wanda in ya yanke farat ɗaya ya fi kowace ƙara razanarwa. A 1992 kamfanin Chunsoft ya fitar da Otogiriso, wasan da bai ƙunshi kome ba face rubutu da hoton bango da sauti, kuma ya isa hujja cewa mai ƙaramin jari yana iya tsoratarwa in ya san inda zai yi shiru.

Game da wuri, tsohon gidan Japanawa ya dace da wannan aiki ƙwarai, saboda ƙofofinsa na takarda ne masu zamewa, suna nuna inuwa suna ɓoye mai inuwar, kuma kowace ƙofa da za a ja tambaya ce. Ka zaɓi wuri guda ƙarami, gida ko makaranta ko hanyar ƙauye, ka san shi lungu-lungu, ka sa mai wasa ya ratsa shi da farko cikin aminci, domin sauyin abin da aka sani ya fi baƙon abu tada hankali. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakiyar watan Agusta, kwanakin Obon, sa'ad da a yawancin sassan ƙasar ake cewa rayukan magabata suna ziyartar gida, kuma a al'adarsu lokacin zafi shi ne lokacin labaran fatalwa. Ka kiyaye ƙananan alamu, domin su ke nuna wanda ya yi karatu: mai rai yana ɗora ɓangaren hagu na rigarsa bisa na dama, mamaci kuwa ana ɗora masa na dama bisa na hagu, tsinkayen cin abinci da aka soke tsaye a cikin shinkafa na mamaci ne, ana kwantar da gawa kanta na fuskantar arewa, ana kuma yayyafa gishiri don tsarki bayan dawowa daga jana'iza. Mace da ta tarbi mai wasa da murmushi alhali rigarta a naɗe take irin naɗin matattu ta fi gawa goma da aka watsa a ƙasa.

Haske kuwa ka mai da shi dukiya mai ƙarewa, fitila mai cin mai ko tocila mai cin batir. Ƙarancin ƙarfin waya ma yana iya zama alheri, kamar yadda ya faru ga Silent Hill na kamfanin Konami a 1999, inda aka rufe gari da hazo saboda na'urar da aka gina shi dominta ba ta iya zana nesa, sai hazon ya zama shi ne abin da ake tuna wasan da shi.

Mataki na biyar: daidaita aiki da halin waya

Mai wasa a waya ba ya zama sa'a uku a wuri guda. Kira yana shigowa, caji yana ƙarewa, ana aikensa. Don haka ka yanka wasan babi-babi, kowane babi minti 5 zuwa 10, mai farko da ƙarshe, wasan kuma ya riƙa ajiye inda aka tsaya da kansa, ya dakata nan take in kira ya shigo. Ka rage maɓallai iyakar iyawa, tafiya da babban yatsan hagu, kallo da aiki da na dama, kada yatsu su rufe tsakiyar fuskar waya inda abin tsoro zai bayyana. Ka sa wurin daidaita haske a farkon wasa, domin duhun da ya yi kyau a ɗakinka da dare baƙi ƙirin ne ga wanda ke zaune a waje da rana. Girgizar waya ka yi tsimin ta, ka keɓe ta ga bugun zuciya ko ƙwanƙwasa ƙofa. Wasan Yomawari na 2015 ya nuna yadda bugun zuciyar ƙaramar yarinya kaɗai ke iya zama ma'aunin kusancin haɗari.

Manhajojin gini suna samuwa. Godot kyauta ce baki ɗaya, Unity tana da matakin kyauta ga masu ƙaramin ciniki, Ren'Py ta dace da wasan rubutu da sauti, RPG Maker kuma da ita wani mutum guda ya gina Ao Oni a 2008, wasan gudu da ɓuya a kabad cikin gida guda, wanda ya shahara har daga baya ya koma wayoyin hannu. Ka fara da samfurin gwaji na ɗaki ɗaya da halitta ɗaya, da zane na wucin gadi, kada ka kashe kwabo a kan ado sai ƙa'idar ta tsoratar da kanta. Ka yi gwajin a kan waya mafi rauni da ka samu, ka nemi hoto 30 a kowane sakan ba tare da sarƙewa ba, ka lura da zafin waya da cin batir, ka rage nauyin wasan, ka kuma sa ya yi aiki ba tare da intanet ba. Batun talla kuwa hukuncinsa a bayyane yake: tallan da ya faɗo tsakiyar babi yana rushe abin da aka yi minti goma ana ginawa. In ba makawa, a sa shi tsakanin babi da babi, mafi kyau kuma a ba da babin farko kyauta a sayar da saura.

Mataki na shida: gwaji, fitarwa da amana

Magini ba ya iya auna tsoron wasansa, domin ya san abin da ke bayan kowace ƙofa. Sai ka miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ka zauna gefe ka yi shiru, kada ka taimake shi, ka rubuta inda ya ɓata, da inda ya yi dariya, da inda ya janye wayar daga fuskarsa. In ya mutu ya ce ya gane kuskurensa, ƙa'idarka ta inganta. In ya ce bai san abin da ya kashe shi ba, alamarka ce ta yi rauni, sai ka koma ka gyara ta. Bayan haka sai rajista: Google Play yana karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 a kowace shekara, kuma dukansu suna da tambayoyin da ake amsawa don ƙayyade shekarun waɗanda wasan ya dace da su. Ka amsa su bisa gaskiya, domin waya tana yawo a hannun yara, kuma firgita yaro da abin da ya fi ƙarfin hankalinsa alhaki ne a wuyan wanda ya ɓoye gaskiya don neman ciniki. Ka kuma sa gargaɗi in akwai haske mai walƙiya, saboda masu farfaɗiya.

Saura tanbihi guda. Mu da muka yi imani cewa gaibu na Allah ne Shi kaɗai, muna karanta waɗannan hikayoyi ne a matsayin adabin wata al'umma da madubin tunaninta game da zalunci da amana da ladabi, ba a matsayin aƙida ba. Amma wuraren bauta na Shinto da haikalan Buda har yau mutane suna ibadarsu a cikinsu, kuma har yanzu masu shirya wasan Oiwa sukan ziyarci kabarinta kafin su fara, don girmamawa. Adalci ya hukunta kada ka ɗauki sunan wurin bauta na gaske ka mai da shi matattarar mugunta. Ka ƙagi naka ƙauye da naka haikali, in kuma da hali ka nuna aikin ga wanda ya san harshen da al'adar kafin ka fitar.

Ya kai mai karatu, kada yawan abin da aka zayyana ya karya maka gwiwa, domin sannu ba ta hana zuwa. Ka ɗauki hikaya guda ka karanta ta da kyau, ka fitar da wurinta da lokacinta da dalilinta da makarinta, ka gina mata babi ɗaya na minti 10, ka kammala shi, ka ba mutane su gwada. Ƙaramin wasa da aka gama ya fi babba da ya tsaya a takarda. Allah Ya sa albarka a cikin aikinka, Ya kuma sa ya zama hanyar halal gare ka.